Bazarar da Muka Ɗauki Duwatsu

Ƙaramar salla na wucewa zafi ya sauka Tawa. Tun hantsi bangon ɗaki ke ɗaukar wuta, ruwan randa ya yi ɗumi kamar an ɗora shi a murhu, lantarki kuwa ya zo ya tafi yadda ya ga dama. Ni dai da na gama sallar asuba sai in jawo kujerata ƴar tsugunno ƙarƙashin itacen dogon yaron da ke tsakar gida, in sha ɗan sanyin da ya rage kafin rana ta ɗaga. A nan nake zaune kullum ina kallon ɗiyata tana wahalar da kanta.

Ita ce ta fari, kuma sunan uwar mijina gare ta, don haka bakina bai taɓa kiran sunanta ba. Tun da ta fara koyarwa a lakwal na bi ɗalibanta ina ce mata Madam. Shekarunta sun kai arba'in, ƴaƴanta huɗu. Mijinta yana aiki Agadas, sai bayan wata biyu ko uku yake leƙowa, shi ya sa da mahaifinta ya kwanta ciwo ta dawo gidan nan da yaranta, har bayan rasuwarsa muke zaune tare.

Madam mace ce mai jiki, kuma ni na gina jikin nan. Shekara ashirin da wani abu ina suyar masa da ƙosai a bakin tasha, a gefen kaskon ta girma. In ta ɗaura atamfa ranar suna ta shigo taron mata, sai ka ga ana matsa mata wuri, ni kuma raina ya yi fari.

Sai ga shi bayan salla ta fito da wani sabon hali. Da ta shafa addu'ar asuba sai ta sa wa ƙofar gida sakata, ta kife turmi, ta jingina wayarta bisa. Cikin wayar akwai wata mata baƙa, siririya, mai damatsa kamar na maƙeri, a wani ɗaki mai ƙyalli, tana ɗaga ƙarafuna tana ƙirga da Faransanci. Madam ba ta da ƙarafuna. Gorunan roba biyu ta ɗura wa rairayi, ga bidon, wato jarkar mai ta lita biyar, da ta cika da ruwa, ga robar cikin tayar moto da ta ɗaure a reshen itace tana ja. Matar ta tsuguna, Madam ta tsuguna. Matar ta miƙe, ta miƙe. Ta kwanta rub da ciki bisa tabarma ta dogara da gwiwar hannu har jikinta ya ɗauki rawa. Kafin rabin awa zufa ta jiƙa rigarta sharkaf, matar cikin waya kuwa ko numfashinta bai canja ba.

Da farko dariya na yi.

"Madam, in aiki kike nema ga gero can buhu guda, ki surfa mana. Mu huta da kai wa inji."

"Wannan ma aiki ne, Inna," ta ce tana haki. "Ƙarfi nake biɗa, kuma in rage jiki."

"Ki rage shi ki kai ina?"

Matar waya ta riga ta fara sabon ƙirge, Madam ta juya ta bi ta.

Dariyar ta ƙare ranar da abin ya iso ga kwano. Na tuƙa tuwon gero da miyar kuka, na zuba man shanu yadda take so tun tana ƙarama, na kai mata. Kwanon ya dawo da fiye da rabi. Washegari ta ce in rage mai a miya. Kwana biyu bayan nan ta ce kada in ƙara sa mata sukari a hura. Na yi kamar ban ji ba, har na ƙara cokali guda bisa wanda na saba. Ta kurɓa sau ɗaya, ta aje ludayin, ta dube ni.

"Inna, don Allah."

"Don Allah mi? Abincina ne ya zama guba? Mutane su gan ki kin zube su ce uwarki ta maido ki gida tana hana ki ci?"

Na faɗi wasu maganganun da ba sai na maimaita su ba. Kwana uku gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Rana ta huɗu, wata Asabar, ina zaune wurina na kau da kai wai ba na kallo. Ranar ɗaga kaya daga ƙasa matar waya ke koyarwa. Ta wutsiyar ido na ga Madam ta sunkuya bisa bidon, ƙafafu a miƙe, baya a lanƙwashe, ta fizgo shi. Ban san lokacin da magana ta fito mini ba.

"Ba haka ake ɗaga kaya ba, za ki tsinke bayanki. Buɗe ƙafa, matso da shi jikinki, ki sauka da gwiwa. Ƙafa ke ɗagawa."

Ta tsayar da bidiyon.

"Abin da matar ke faɗi ke nan, Inna. Ina kika ji shi? Ai ba ki jin Faransanci."

Na ce wata mata ce ta koya mini, sunanta Tima. Ta ce wace ce Tima. Ban yi niyyar ba da labari ba, amma zafin safiyar nan irin na wata bazara ne da na daɗe ban taɓo ba, sai na ji bakina ya buɗe.

Muna ƙauyenmu lokacin, arewa da Takanamat. Ina da shekara ashirin ko kusa da haka, Madam tana goye, ba ta cika shekara ba. Damina biyu a jere suka yaudare mu. A ta biyun gero ya tsiro har ya kai gwiwa, sai ruwa ya ɗauke, muna kallo ya bushe a tsaye. Abin da muka tsinta bai rufe gindin rumbu ba. Kaka na wucewa maza suka watse cin rani, maigidana ya bi mota zuwa Abijan da alkawarin aike. Aike bai zo ba, labari ma bai zo ba. Gari ya koma na mata da tsofaffi da yara. Gidanmu mu uku ne, ni da jaririyar da uwar mijina, wadda muke kira Iya.

Kafin sanyi ya fita gero ya ƙare. Muka ci dusar da muka aje wa awaki, sannan awakin ma suka tafi kasuwa. Daga nan sai anza. Ga wanda bai san anza ba, ƴaƴan wani guntun itace ne da ke fitowa a busasshiyar ƙasa, ba ya mutuwa ko an shekara ba ruwa, ɗacinsa kuwa ba ya faɗuwa. Tun da jijjifi muke fita da ƙwarya mu tsinko, mu shanya, mu ɓare, sannan a jiƙa ƙwayar kwana uku ko huɗu ana sauya ruwa safe da marece kafin ɗacin ya ragu a iya dafawa. Ruwan kuma sai an je rijiya mai gaba ashirin da wani abu, mata huɗu ga igiya ɗaya, guga ya fito rabinsa laka. Ruwan da ke cikin bidon nan da Madam ke ɗagawa tana ajewa, a wancan lokaci jiƙon kwana biyu ne. In ruwa bai isa ba aka gajarta jiƙon, cikin mutum ya yini yana murɗa. Iya kan haɗa mana da ganyen jiga ta barbaɗa ɗan gishiri. Akwai matan da suka riƙa tone gidan tururuwa suna kwashe ƴan ƙwayoyin da ta tara. Na bi su sau biyu.

Yunwa ba ta yi mini ciwo yadda na zata ba. Kwanakin farko ne ciki ke kuka. Daga baya sai sanyin jiki, da jiri in ka miƙe, da jin ƙamshin tuwo inda babu tuwo. Munduwar da aka sa mini ranar aure, wadda da sai da sabulu take fita, ta riƙa zamewa har gwiwar hannu in na ɗaga tulu.

Tsakiyar bazara aka yi shela cewa za a buɗe aikin duwatsu bisa fakon da ke yamma da gari, a biya da abinci. Fakon nan ƙasa ce mai tauri kamar daɓe, ba ta shan ruwa. Za a jera duwatsu layi-layi a gicciye, don in ruwan sama ya zo ya tsaya ya shiga ƙasa maimakon ya gudu ya faɗa kori, kwarin da ruwa ke bi ya wuce. Tsofaffi suka ce ba su taɓa jin an noma fako ba. Mu ba wannan ya dame mu ba, mun ji an ambaci jar dawa da mai da madarar gari.

Amma aka ce shef ɗin aikin ba ya ɗaukar wadda ta rame ƙwarai, don a wani gari wata mata ta faɗi da dutse a ka. Da marece Iya ta dube ni sama da ƙasa, ta shiga ɗaki ta fito da tsohuwar rigar ɗanta da wani yagaggen bargo. Da asuba ta naɗa mini bargon a ƙugu da ƙirji ta ɗaure da tsumma, na sa rigar, na ɗaura zane biyu bisa, na yafa mayafi ya rufe hannuwana.

"Ki tsaya da ƙarfi, kada ki yi yawan magana," in ji ta. "Ki ɓoye wuyan hannunki."

Shef ɗin wani ɗan birni ne mai malafa. Ya bi layi yana duban mu ɗaya bayan ɗaya. Ya mayar da mata shida ko bakwai, wata ta zauna nan ƙasa ta ƙi tashi. Da ya zo kaina ya dubi fuskata, ya dubi faɗin ƙuguna, ya wuce. Aka haɗa mu biyu-biyu, ni aka haɗa ni da Tima.

Tima Buzuwa ce, daga cikin mutanen arewa da dabbobinsu suka ƙare suka gangaro suka kafa bukkokin tabarma bayan garinmu. Ta girme ni da kamar shekara goma sha biyar. Doguwa ce, Hausarta a karye, ba ta da yawan magana. Mijinta ya kora sauran raƙumansu kudu bai dawo ba. Abin da ya rage mata akuya ɗaya.

Babbar mota ke kwaso duwatsun daga gindin tsauni ta zube su tsibi-tsibi, mu kuma mu ɗauka a ka mu kai inda aka ja layi, tafiyar da ta kai daga gidan nan zuwa bakin titi. Baƙaƙen duwatsun ƙasarmu ta Adar ne masu kaifi. Da sassafe suna da sanyi, har daɗin taɓawa gare su. Rana na ɗagawa sai su koma kamar an ciro su daga wuta. Fakon ba inuwa sai ta wata aduwa guda, iska kuma in ta taso ba ta kawo sauƙi, busar da leɓe kawai take har ya tsage. Ni kuma ga bargo a jiki. Zufa ta jiƙa shi ya yi nauyi, ya goge mini fatar ƙarƙashin hammata har ta saɓule. Ina tsoron in cire shef ya gani.

Rana ta uku, wajen azahar, na sunkuya zan ɗauki dutse sai ƙasa ta juya. Da na farfaɗo ina ƙarƙashin aduwar nan. Tima ce ta jawo ni ta bayan tsibin duwatsu yadda ba wanda ya lura. Ta kwance mini zane don in sha iska, sai ga bargo. Ta tsaya tana kallonsa. Na kama hannunta.

"Don Allah, Yaya, kada ki faɗa. Ina da goyo."

Ta ture baƙin mayafinta ta ɗaga hannunta sama. Fatar damtsenta ta sauko tana lilo kamar salkar da aka juye wa ruwa.

"Ni da, mata biyu ke hau da ni raƙumi," ta ce. "Nono safe, nono marece, tun ina yarinya. Jiki ya tahi. Ni ban tahi ba."

Ta warware bargon ta yaga shi uku. Ɗaya ta naɗa mini gammo, biyu ta ce in riƙa naɗe tafin hannu saboda zafin dutse. Ta ce shef ya gama kallon jiki tun ranar farko, yanzu layi yake kallo. Sannan ta ce ba yunwa kaɗai ta kayar da ni ba, ɗaukar banza nake yi. Ta tsaya gaban wani dutse ta nuna mini. Ta buɗe ƙafa, ta sauka da gwiwa bayanta a miƙe, ta rungumo shi jikinta, ta ja numfashi, ta tashi da shi kamar ba komai. Haka suke ɗora wa raƙumi kaya, in ji ta. Ranar nan ita ta kai rabona da nata har aka tashi, ni ina bin ta da ƙananan da ake cusawa a tsakani.

Bayan sati biyu aka raba abinci. Jar dawar tana warin buhu, tuwonta ba ya kama jikinsa, amma ranar da Iya ta tuƙa shi muka ɗiga mai bisa, na ci ina jin shi yana sauka har yatsun ƙafata. Iya ta janye kwanon tun ban ƙoshi ba, ta ce in bi a hankali kada cikina ya juya.

Sai dai abincin ya iso wa nonona a makare, ya riga ya ƙafe. Yarinyar ta kama ta tsotsa ta saki. Ba ta da ƙarfin kuka sosai, sai wani ɗan ƙara kamar na ƴar kyanwa. Gashinta ya yi ja ya yi laushi. Wata ma'aikaciyar likita da ta biyo motar abinci ta zagaya damtsenta da wani ɗan ma'auni mai launi uku, ya tsaya kan ja, alamar ramar ta kai haɗari. Ta nuna mini yadda zan dama madarar gari da mai in ba ta da cokali kaɗan-kaɗan. Damtsen nan, in na zagaya shi da babban yatsa da manuni, sai yatsun su haɗu har su wuce juna.

Madarar gari ba ta zauna mata ba, zawo ta sa ta. Na gaya wa Tima muna tafe da duwatsu a ka. Washegari tun kafin a fita aiki ta tsaya ƙofar gidanmu da ɗan ƙoƙo a rufe. Nonon akuyarta ne, bai fi kurɓi huɗu na babba ba. Akuyar da take ciyarwa da ƴaƴan bagaruwa da kwalin da aka kawo gwangwanayen mai a ciki. Daga ranar kullum sai ta kawo. Ni kuma in mun tashi aiki in biya rijiya in jawo wa akuyar ruwa, ruwan wankin dawarmu ma nata ne. Ba mu taɓa zama mun shirya haka ba.

Ranar da ba na mantawa wata Laraba ce. Yarinyar ta kwana biyu ba ta riƙe komai a ciki ba, idanunta sun zurma, maɗigarta ta faɗa. Da safe na ɗauke ta na ji kamar zane kawai na ɗauka. Na ce ba ni zuwa aiki. Iya ta ce wadda ta yi fashi ana ba wata gurbinta, mata nawa ke zaune bakin fako suna jira.

"In kin zauna, mi za ki ba ta wanda ni ba ni iya ba ta? Tahi. In akwai magana za ki ji."

Na tafi. Duk dutsen da na kai layi, in na juyo sai idona ya tafi hanyar gari. Kunnena ma yana can, ina sauraron ko zan ji kukan mata. Duk sanda na tsaya sai Tima ta taɓa kafaɗata mu ci gaba. Azahar ta wuce. Wajen la'asar na hango mutum ya fito daga gari yana tafe a hankali cikin rana. Da ya matso na gane tafiyar Iya ce, da goyo a bayanta, an rufe shi da zane har ka. Tsohuwa ce mai ciwon ƙafa, na san ba ta yin wannan tafiya a banza. Na sauke dutsen da ke kaina na zauna kusa da shi.

Ta iso tana haki, ta tsaya kaina.

"Ta shanye nonon akuyar," ta ce. "Na dama kunu ta sha, bai dawo ba. Ta kama ƙoƙon tana biɗar ƙari. Na ce ba ni bari ki kai marece ba ki sani ba."

Ta buɗe zanen. Yarinyar tana barci, da busasshen kunu a bakinta. Tima ta leƙa, ta faɗi wata magana da yarensu, ta koma ta ɗauki dutsenta. Ni kuwa nan zaune bisa fakon na yi wa kaina alkawari, ban faɗa wa kowa ba, in Allah ya raya ɗiyar nan ba mai ƙara ganin ta a rame.

Hadari ya yi kusan sati uku yana haɗuwa gabas yana watsewa. Ranar da ruwa ya sauka muna wurin aiki. Iska ce ta fara, ja wur, sannan ɗigo manya-manya da ke bushewa bisa dutse tun kana kallo, sannan ya ɓarke. Ba wadda ta gudu. Muka tsaya muna kallon ruwa ya gangaro fakon kamar yadda ya saba, ya iso layin farko ya tsaya, ya taru, ya tsallaka a hankali ya iske na biyu. Ƙamshin ƙasa ya cika ko'ina. Bayan kwana goma ciyawa ta tsiro kore shar a gindin kowane layi, wurin da Iya ta ce tun tana amarya ba ta taɓa ganin ko tsinke ba.

Da ciyawa ta isa kiwo Tima ta naɗe tabarmin bukkarta. Ta biyo ta gidanmu da akuyar a igiya, ta ɗauki yarinyar ta jinjina ta a hannu, ta ce ta fara nauyi. Ta ce za ta arewa neman danginta. Maigidana ya dawo ana noman farko, shi ma a rame, da rabin buhun shinkafa da labarin ciwon da ya kwantar da shi can. Bayan shekara huɗu muka ƙauro Tawa. Na daɗe in na shiga kasuwar Lahadi ina duban fuskokin matan arewa masu sai da cuku da tabarmi. Ban ƙara ganin ta ba.

Duk wannan na faɗa wa Madam a safiyar nan, tana zaune bisa tabarma, bidon a gabanta, har inuwar itacen ta tsuke. Ta san an yi yunwa tana jaririya, kowa ya sani. Ba ta san labarin bargo ba, ba ta san na akuya ba.

Sannan ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da jakarta, ta zaro ɗan littafin likita da kwalin magani.

"Tun cikin azumi ne, Inna. Ina rubutu a tabulo gaban ɗalibai sai na ga duhu, na dafa tebur. Lokotoro ya auna ni ya ce tansiyo ne, jinina ya hau ƙwarai, sukari ma ya fara. Ya ce in ban rage jiki ba, in ban motsa ba, abin da ya sami Baba yana iya samu na."

Mahaifinta ɓarin jikinsa ne ya shanye. Shekara biyu muna juya shi bisa katifa, ni da ita, kafin Allah ya karɓi abinsa.

"Mi ya hana ki faɗa mini?"

"Na san yadda kike da cin abincina. Na ce bari in fara tukuna." Ta dubi kwalin maganin. "Ba ramewa nake so ba, Inna. So nake ɗiyana su girma ina tsaye da ƙafata."

Na karɓi kwalin maganin na juya shi, ni da ban iya karatu ba, na mayar mata. Na ce ta tashi ta ƙarasa abin da take yi, rana na yi.

Daga ranar na rage mai. Hannuna ya fi bakina gardama, sau nawa in tsinci ludayi ya koma tukunya karo na biyu, sai in juye in mayar. Na koma yi mata kwaɗon zogale da wake, tuwo ɗan malmala ɗaya. Ranar farko da na miƙa mata kwanon na ga ƙanƙantar abin da ke ciki, sai da na zagaya bayan ɗaki na tsaya kaɗan.

Da safe kuma na daina kau da kai. Ni ke gyara mata tsayuwa, don matar waya ba ta ganin ta, ni ina gani. In bayanta ya fara lanƙwasa in ce gwiwa, ta gyara. Ta nemo wani bidiyon na tsofaffi, wata mai furfura tana tashi daga kujera tana komawa, hannu a ƙirji. Na ce ni da na ɗauki duwatsun Adar ba a koya mini tashi daga kujera. Na gwada, na huɗu ya gagare ni, sai da na dafa bango. Madam ta juya baya wai tana gyara waya, kafaɗunta na rawa don dariya. Yanzu ina yin goma sha biyu, gorunan rairayin ma in ta aje ina ɗaga su, ƙofa a rufe.

Ba kullum abin ke tafiya daidai ba. Akwai satin da ta hau sikeli a likita ta dawo fuska a murtuke, bai motsa ba, ta jefar da robar ta ce ta gaji. Washegari ni na kife turmin na kira ta. Akwai ranar sunan maƙwabta da ta ci soyayyen nama ta sha lemon kwalba biyu. Ban hana ta ba, don raina ya ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Makon jiya, saura kwana kaɗan a rufe lakwal, ta dawo daga likita da la'asar. Ta ce lokotoro ya auna ya ce tansiyon ya sauko, ta ci gaba da magani da abin da take yi. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da siket ɗin atamfarta mai ruwan ganye.

"Inna, wanga zamewa yake. Yau da hannu ɗaya na yi rubutu, ɗayan yana riƙe da shi. Ki rage mini."

Na ce ta sa in gani. Ta sa ta tsaya gabana. Na kama ƙugun na tattaro, yatsu uku suka shige kowane gefe. Ƙarƙashin hannuna jikin ya yi tauri, ba laushin nan da na sani ba. Na daɗe da hannun a wurin.

"Inna?"

"Tsaya daidai, aunawa nake."

Ta cire siket ɗin ta ba ni, na sa zare a allura, sai a karo na uku ya shiga. Na zauna bakin ƙofa inda haske yake, na warware ɗinkin tela, na shigar da yadin ciki na bi shi da ƙananan ɗinki. Ta miƙo mini almakashi.

"Yanke sauran, zai yi mini tudu. Ai ba ni komawa wancan jikin."

"Allah ya sa," na ce.

Na karɓi almakashin na aje shi ƙarƙashin cinyata. Yadin da ya ragu na kwantar da shi ta ciki, na ɗinke shi a lafe yadda ba mai gani. Ta ga abin da na yi. Ta zauna kusa da ni ta riƙe mini ɗaya gefen don kada ya ja ƙasa.